Ranar Da Imran Ya Share Min Rijiyoyi Arba'in Da Biyu

Ku da kuka cika min waya da saƙonni, kuna cewa "Najaha ki kwantar da kai ki karɓe shi, namiji mai hidima ba a tsintarsa a kasuwa," yau ku gyara zama. Labarin hidima na kawo muku, da zafinsa.

Ga wadda yau ta fara leƙowa, sunana Najaha, gidanmu yana Matameye, ina shekarar ƙarshe a jami'a a Damagaram. Wata goma sha ɗaya na yi ina hawa kabu-kabu zuwa lambunan rake na Dungu, duk bayan sati biyu, ina zura igiya a rijiyoyi arba'in da biyu ina auna inda ruwa ya tsaya. Har manoman suka sa min suna Mai Guga Ba Ruwa. Igiyar ma Innata ce ta zauna ta ɗinke min ita da jan zare a kan kowace mita, ba tare da ta ce min uffan ba, sai dai na tashi da safe na tarar da ita a naɗe a kan jakata. Da wannan awon na rubuta memuwar ɗina, wato littafin kammala karatu, shafi tamanin da bakwai, har da taswira mai launi. Ranar Litinin ce ranar ƙarshe ta ajiyewa. Wanda bai kai nasa ba, sai baɗi in da rai.

Shi kuma Imran ɗan Alhaji Illo ne, yana da shagon waya kusa da tasha. A saman ƙofar an rubuta INFORMATICIEN, wato gwanin kwamfuta, da jan fenti, manya-manyan baƙaƙe, amma ni dai abin da idona ya taɓa gani yana yi shi ne liƙa gilashi a fuskar waya da tura wa mutane waƙoƙi. Wata huɗu ke nan yana zuwa gidanmu. Ban ce ina so ba, ban ce ba na so ba, don babu wanda ya tambaye ni. Gwaggo Shekara, ƙanwar Babana, ita ta ɗauki maganar ta ɗora a kanta kamar tallan da aka ce in ba ta sayar ba kar ta dawo gida. Inna kuwa, Mariyama, ni ce ƴar farinta. Kun san al'adar: ba ta kiran sunana, ba ta shiga maganata a gaban mutane. Tun ina ƙarama ni "ke" ce, ko "waccan," in ta ji daɗi ta ce "ƴar gidan Shekara." Baba yana Ɗan Barto wajen kasuwancinsa, sai ƙarshen sati muke ganinsa.

To ranar Laraba na tafi Icirnawa sunan ɗiyar ƙawata, na kwana can. Kwamfutar na bar ta a ɗaki, a ƙarƙashin filo, don ban ga amfanin ɗaukar ta zuwa gidan suna ba. Alhamis bayan azahar na dawo, rana kamar za ta dafa mutum, na cire mayafi tun daga zaure. Ina shiga ɗaki na gan ta a tsakiyar gado, a cikin sabuwar jaka ruwan hoda, sai ƙamshin turaren maza take. A bayanta an manna wata ƙatuwar zuciya ja mai ƙyalƙyali.

Ban ko buɗe ta ba na leƙa tsakar gida.

"Gwaggo, wa ya taɓa min kwamfuta?"

Tana zaune a rumfa tana tsinke zogale, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wa zai taɓa in ba mai ita ba? Jiya Imran ya zo gaisuwa, ya ce ya lura ordinatar ɗinki tana nauyi, a ba shi ya wanke miki ita. Yaro mai hankali. Wasu samarin ko tsinke ba sa ɗauke wa a gidan surukai."

"Wa ya ba shi?"

"Uwarki ta ɗauko, ni na miƙa. Ko so kike suruki ya roƙi abu a gidan nan a ce masa a'a? A Matameye? A ji mu a bakin duniya?"

Na dubi Inna. Tana bakin murhu tana juya miya, ta ba ni baya. Na san ta ji, na kuma san ba za ta yi magana ba.

Bari in yi muku bayani kaɗan, don ku gane inda gizo ke saƙa. Kwamfutata gida ɗaya ce mai ɗaki biyu. Ɗaki ɗaya Windows ne, wanda kowa ya sani, nan nake kallon hotuna da sauran shirme. Ɗayan Linux ne, malaminmu ya sa muka saka tun shekara ta biyu saboda aikin taswira da lissafi, kuma a nan duk memuwar ɗina yake. In na kunna, wani baƙin shafi ne ke fara fitowa ya tambaye ni wanne zan shiga. Shi Windows ba ya iya karanta abin da ke ɗakin Linux. In ya leƙa, sai ya nuna maka wuri kawai, ba suna, ba komai.

Na danna maɓalli. Baƙin shafin bai fito ba. Kai tsaye ta wuce Windows, sai ga hoton Imran ya cika min fuskar kwamfuta, ya jingina da motar babansa, ya ɗaga yatsu biyu.

Kafin in gama salati wayata ta yi ƙara, saƙonninsa suka fara shigowa.

"Slm Gimbiya. An ce kin dawo. Kin ga aiki?"

"Na cire miki baƙin shafin nan mai ɓata lokaci."

"Kuma kin san me? Na gano wuri har jiga 120 a kwance, ba komai a ciki, ko suna ba shi da shi. Na share shi tas."

"Bayan la'asar zan zo da disk ɗina in farmate wurin, in wanke shi ya koma sabo, in cika miki da finafinai. Kar ki yi godiya, aikina ne."

Ya bi da zuciya guda bakwai. Na ƙirga su, don a lokacin kaina ba ya iya yin wani abu da ya wuce ƙirga.

Wallahi ƴan uwa, ban yi kuka ba. Zama na yi a ƙasa, a kan ledar ɗaki. Rijiyar Malam Isufu da na kusa faɗawa ciki na tuna, da ranar da ruwan sama ya tare mu a hanya na iso gida kamar tsamammiyar kaza, da taswirar da na yi sati uku ina gyara launinta. Garin neman gira an rasa ido, kuma idon nawa ne, girar ma ba ni na ce a nemo min ba.

Habi na kira. Habi ta riga ni gamawa da shekara biyu, yanzu tana aiki a wani ofis a Damagaram, ita ke kula musu da na'urori. Bakinta ba shi da linzami, amma hannunta yana da albarka. Na karanta mata saƙonnin ɗaya bayan ɗaya.

"Tsaya," ta ce. "Ya ce ya farmate, ko zai farmate?"

"Zai."

"Buɗe inda ake ganin rabe-raben disk, ki faɗa min me kika gani. Kar ki danna komai, kallo kawai."

Na buɗe. "Akwai Windows, layinsa shuɗi. Sai wani dogon wuri mai baƙin layi, an rubuta Non alloué."

"Alhamdulillahi. Son a gani ya cece ki. Da ya ƙarasa aikin jiya a shagonsa da yanzu ta'aziyya nake miki, amma ya fi so ya yi a gabanki ki yaba. Ji nan, abin da ya yi kamar mutum ne ya cire ƙofar ɗaki ya shafe wurin da laka. Kayanki suna ciki, ba wanda ya taɓa. Amma in aka farmate aka zuba wani abu a kai, ko ni ko malaminmu ba mai dawo miki da su cikakku. Kashe ta yanzu. Ina kwafinki na ajiya?"

Na hau sosa kai.

"Najaha."

"Akwai babi na ɗaya a imel."

"Na yaushe?"

"Tun kafin azumi."

"To ke ma kina da naki rabon zagin, amma na ajiye miki sai Talata. Kile ɗin da na ba ki kina shekara ta biyu, yana nan?"

Yana nan. Ɗan ƙaramin kile ne baƙi, irin wanda ake sokawa a gefen kwamfuta, na ɗaure shi tare da makullin akwatina shekara biyu ban taɓa amfani da shi ba. Habi ta ce a cikinsa akwai Linux da ke tashi da kansa ba tare da ya taɓa disk ba, da wata manhaja mai suna TestDisk da ke bin disk tana neman ɗakunan da aka toshe. Sai dai ta ce in nemi wani disk na daban da zan fara kwashe kayan a kai, kafin a taɓa komai.

Ina cikin tunanin inda zan samu, fanka ta yi wani ƙugi ta tsaya. An ɗauke kuran, wato wuta. Kafin in kashe ta na dubi batir: arba'in da ɗaya. Batirin kwamfutata kuwa tsoho ne, in ya ce arba'in to ku ɗauka ashirin yake nufi.

Ko sallame la'asar ban yi ba na ji turarensa. Imran turarensa ke yi masa sallama, shi sai daga baya yake isowa. Gwaggo ta faɗo ɗakina kamar an koro ta.

"Tashi, tashi! Da wannan yamutsattsiyar rigar za ki fita? Ina atamfar nan mai ganye-ganye? Sa kwalli, idonki kamar na mai zazzaɓi."

Na sa atamfar, na yafa mayafi ruwan goro, kwallin ne na ƙi. Na rungumi kwamfuta a ƙirji na fito salo, wato ɗakin baƙi, wanda labule ne kawai ya raba shi da ɗakin Inna. Ita tun da ta ji sallamarsa ta shige ciki ta saki labulen, don ba ta haɗa ido da suruki. Yana zaune a kan kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, shadda ruwan ƙasa tana maiƙo, hula an karkata ta gefe, agogo ya yi wa hannunsa yawa. A cinyarsa ga disk ɗin, da wayarsa a naɗe. Gwaggo ta ajiye masa ruwan sanyi da lemun zoɓo, sannan maimakon ta fita ta samu wuri a bakin ƙofa ta zauna da tiren zogalenta, wai iska ta fi kaɗawa a nan.

"Gimbiya, kin ga yadda take tashi yanzu? Kamar walƙiya. Kawo in ƙarasa miki, minti biyu ne."

Ya miƙo hannu. Na ja baya.

"Ba shi mana," in ji Gwaggo. "Mutum ya bar shagonsa ya zo yi miki aiki kina noƙe-noƙe."

A nan ne na gane tarkon da nake ciki. In na ce ya yi ɓarna, na kunyata baƙo a gaban Gwaggo, gobe a ce ƴar Mariyama boko ya buɗe mata ido. In na yi kunya na miƙa, minti biyu ne kamar yadda ya faɗa, wata goma sha ɗaya su koma finafinai. Hannunsa har ya taɓa gefen kwamfutar.

"Ba ni disk ɗin," na ce. "Ni zan yi da kaina."

Fuskarsa ta washe. Ya dubi Gwaggo, Gwaggo ta dube shi, suka yi murmushin waɗanda suka ci kasuwa. Ya miƙo min da hannu biyu.

Na zauna a kan kafet nesa da shi, na soka kile, na soka disk ɗinsa, na kira Habi na sa ta a lasifika na ajiye wayar a gefe. Na kunna ina danna F12 kamar yadda ta ce, na zaɓi kile. Da na buɗe manhajar sai fuskar ta koma baƙa wuluk, rubutu fari ƙanana.

Imran ya miƙe tsaye. "Kin gani ko! Birus ne wannan. Irinsa na cire jiya. Kashe, kashe kafin ya shiga disk ɗina!"

"Wane ne wannan?" in ji Habi daga cikin waya.

"Shi ne."

"Au. Sannu da aiki, Malam. Ka zauna ka sha zoɓo. Najaha, zaɓi disk ɗin kwamfutar, babban, ba nasa ba. Sannan Analyse, sannan Quick Search."

Na bi. Lambobi suka fara gudu a ƙasa. Batir talatin. Gwaggo ta rage tsinkar zogale. Imran ya koma ya zauna amma ya sauke ƙafar. Ya fara ba Gwaggo labarin yadda wani babban ma'aikaci ya taɓa kawo masa ordinatar tun daga Kance, kowa ya kasa sai shi. Gwaggo tana "Allah sarki, ikon Allah," ni kuma ina kallon lambobi ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa.

Ashirin da huɗu. Ashirin da biyu.

Sai lambobin suka tsaya, layuka suka fito. Na farko ƙarami, na biyu Windows. Na uku, a ƙasa, an rubuta Linux.

"Habi," na ce. "Ga shi."

"Kar ki yi murna tukuna. Sauka kansa ki danna P. In ya nuna miki sunayen kayanki, to shi ne."

Na danna. Na shiga, na ƙara shiga. Ga su nan a jere, da rubutun da ni na sa musu: memuwar, rijiyoyi_Dungu, taswira, har da wani da na sa wa suna kar_a_taɓa. Dariya ta kama ni da hawaye a lokaci guda, na toshe baki da mayafi.

"Kwashe su zuwa disk ɗinsa tukuna. Sai sun gama sannan mu mayar da ƙofar."

Haka aka yi. Memuwar ɗina ya bi waya ya sauka a disk ɗin Imran, ya samu wuri a tsakanin finafinan Indiya da na kokawa. Batir goma sha biyar. Habi ta sa na karanta mata layukan har sau biyu, ta tabbatar Windows da Linux duka suna jerin, sannan ta ce in zaɓi Write in amsa da Y. Yatsana ya tsaya a kan maɓallin. Na karanta tambayar da ke fuskar tun daga farko har ƙarshe, na yi bismilla, na danna. Na cire kile, na kashe, na sake kunnawa, F12, na zaɓi Linux daga jerin.

Ta buɗe. Hoton rijiyar Malam Isufu da ke fuskar ya fito, da raken da ya kewaye ta. Na buɗe memuwar na gangara har ƙasa: shafi tamanin da bakwai, taswirar tana nan da launinta. Nan take na jona waya na tura kwafi a cikinta, na aika wa Habi, na aika wa kaina a imel. Batir tara.

"Ya dawo," na ce. "Habi, duka ya dawo."

Imran ya tafa hannu. "To! Ba na faɗa ba? Ai ni na san ba abin da zai ɓace. Gwaggo, kin ga da ban share wurin ba, da ba ta san ma yadda ake wannan ba. Irin koyarwarmu ke nan, sai ka sa mutum a ruwa yake iya iyo."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Gwaggo. "Ke kuma ki yi godiya, kin wani zauna kina sharɓe."

Wallahi da na bar shi. Na gaji, abina ya dawo, kuma na saba haɗiye magana. Amma na manta Habi tana kan layi.

"Najaha, kafin ki yi godiyar, ina da tambaya ga Malam. Ni ma aikina ke nan, ina so in ƙaru. Malam, in mutum ya zo share irin wannan wurin, Windows ba ta sharewa haka kawai. Sai ta fito da gargaɗi, ta ce wannan wurin ba ita ta yi shi ba, wataƙila akwai kayan da wani tsarin ke karantawa a ciki, ka tabbata kana so ka share? Sai ka danna Oui da hannunka. Bai fito maka ba?"

Imran ya gyara hula. "Wa ke tsayawa karanta waɗannan rubuce-rubucen?"

"Ayya, to ba laifi. Faransancin na'ura yana da wuya, ba kowa ke gane shi ba. Da ka kira wani ya fassara maka."

Ƴan uwa, da ya yi shiru a nan, da ya tsira. Da na ce jahilci ne, jahilci kuma ana yafe shi. Amma Imran ya gwammace a kira shi komai da a ce bai iya ba, a gaban Gwaggo, kuma daga bakin mace.

"Ke wa ya ce miki ban gane ba? Na karanta tsaf, na gane! Ya ce wataƙila akwai kaya. Na ce to kayan me? In ma akwai, ai kayan lakwal ne, shirmen makaranta. Yarinyar da wata biyu ya rage ta tare a gidana, awon rijiya ne zai tuƙa min tuwo? In ya ɓace ma hutu ne, ta daina yawon ƙauye a bayan ƴan kabu-kabu."

Na dube shi, na ga ko a jikinsa, har yana kai kofin zoɓo baki. Abin da ya fi ƙona min rai, bai ma san ya faɗi wani abu ba.

Gwaggo ta yi wata ƴar dariya. "Kai Imran da barkwanci. Wasa yake miki, ke ma kin sani. Kuma in an bi ta gaskiya, mace ai..."

Labule ya motsa.

Inna ce ta fito. Inna da in Imran yana gidan ko tari ba ta yi da ƙarfi. Ba ta yafa mayafi ba, ɗankwalin girkinta ne a kanta, kuma a hannunta ga igiyar awona a naɗe, jan zaren duk ya koɗe saboda ruwan rijiya. Ashe a ɗakinta take ajiye da ita tun ranar da na gama awo. Imran ya zame daga kujera ya durƙusa yana gaisuwa. Ba ta ko dubi inda yake ba.

"Najaha."

Shekarata ashirin da uku a duniya, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Har na waiga in ga ko wata ake kira. Tiren zogale ya zame daga cinyar Gwaggo.

"Na'am, Inna."

"Abin nan da ya share, shi ne rijiyoyin?"

"Shi ne."

"Kuma na'urar ta tambaye shi kafin ya share?"

"Ta tambaye shi."

Ta jinjina kai, tana murza igiyar a hannunta. "To ta fi ni. Ni da na ɗauko ta daga ƙarƙashin filonki ban tambaye ki ba. Kuma ba ita kaɗai na bayar ban tambaya ba."

"Mariyama!" in ji Gwaggo. "A gaban suruki? Ƴar fari? Ina kunyar?"

"Kunyar ce ta kusa cinye mata shekara, Shekara. Ta isa." Ta juyo gare ni. "Gobe bayan Juma'a mutanen Alhaji Illo za su kawo goron sa rana. An tsayar tun makon jiya, an ce kar a faɗa miki sai kin ajiye littafinki. Yanzu ina tambayarki, ga shi ga gwaggonki: a karɓa, ko kar a karɓa?"

Ashe har an tsayar. Kowa ya sani, har mai shagon kusa da tasha, ban da ni.

Akwai sauran aiki ɗaya tukuna. Na jawo kwamfutar, batir huɗu. Na buɗe disk ɗinsa, na nemo kwafin memuwar ɗina a tsakanin finafinansa, na ce a goge. Na'urar ta tambaye ni ko na tabbata. Na karanta har ƙarshe, na amsa mata. Sannan na zare disk ɗin, na naɗe masa wayarsa yadda ya kawo ta, na ɓamɓare jar zuciyar da ke bayan kwamfutar na ɗora a kai, na miƙa masa da hannu biyu, da ladabi, kamar yadda aka koya min.

"Ga finafinanka, Imran. Wurin da ka gani ba kango ba ne, da mai shi." Na juya. "Inna, kar a karɓa."

Ya tashi yana kakkaɓe shadda, yana cewa zai gaya wa Alhaji, kuma za a ga wanda zai yi asara. Ya fita ya bar takalminsa ƙafa ɗaya a bakin ƙofa, ya dawo ya zura, ya sake fita. Turaren ne ya daɗe bai bi shi ba.

Gwaggo kuwa tuni ta ciro wayarta daga lalita, ta kira Ɗan Barto ta sa a lasifika don kowa ya ji. Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu. A ta uku muryar Baba ta fito, da hayaniyar kasuwa a bayansa.

"Shekara, lafiya? An gama shirin goben?"

Gwaggo ta buɗe baki. Inna ta ɗora min igiyar a cinya, ta taka zogalen da ya zube, ta miƙa hannu.

"Ba ni shi," ta ce. "Maganar Najaha ce, ni zan yi."